Ranar da Ɓarar Gyaɗa Ta Tsaya a Kwaya

Duk Asabar idan na buɗe ajin nan sai na tarar da sabuwar fuska a bencin baya, waya a hannu, wai an riga an gama littafi, ɗan gyaran baki kawai ake so in yi. Makon jiya ɗayanku ya ce da ni, "Mushe, ai rubutun labari ba wuya, ƙarya ce kawai mutum zai shirya ta zauna." Ban ji haushinsa ba, ni ma da wannan tunanin na shigo. Amma tunda kun taru, bari in gaya muku yadda ƙaryar da aka shirya ta zauna ta kusa raba wani bawan Allah da abincinsa a karar Guci, kasuwar shanun nan. Sunansa Maman, dillalin shanu ne, bai san boko ba, bai kuma yi wa kowa komai ba. Sai dai kafin in kai ku wurinsa dole ku ji inda na koyi aikin, in ba haka ba ba za ku gane abin da gyaɗa ta zo yi cikin zancen ba.

A lakwal, makarantar boko, na ci abinci ina koyarwa har na ajiye alli, can na samo sunan Mushe da ake kiran malamai da shi, amma ba a lakwal na koyi rubutu ba. A gindin wata bishiyar bedi na koya, nan Magarya, wurin Malam Isufu mai mashin, wanda yake buga wa mutane wasiƙa. Ina saurayi nake zama kusa da shi ranar da ba aji, ina gyara masa takardu. Ina tuna wata tsohuwa da ta zo a rubuta wa ɗanta da ya tafi arewa neman kuɗi. Malam Isufu ya ce ni in rubuta. Na zage na zuba hikima, na ce zuciyarta tana ƙuna, idanunta sun ƙafe. Ya ce in karanta mata. Da na gama ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yaro, wannan wace ce? Ni cewa na yi akuyar ta haihu, katangar baya ta faɗi, kuma ya zo." Malam Isufu ya miƙo mini sabuwar takarda. Dokarsa ke nan, ba a naɗe wasiƙa sai an karanta wa mai ita ya amsa cewa bakinsa ne.

Kayan aikina na farko kaye ne, littafin rubutun 'yan lakwal, da bik shuɗi, wato biro. Ina rubuta shafin dama in bar na hagu don gyara, kuma yawanci na hagun ya fi cika. Da Malam Isufu ya tsufa ya bar mini mashin ɗinsa na buga takarda. Na Faransa ne, ba shi da baƙaƙenmu masu lanƙwasa, sai na gama buga shafi in bi su da bik ɗaya bayan ɗaya ina yi musu ƙugiya. Ku da waya take gyara muku kalma tun ba ku gama ta ba, ba ku san ciwon wuyan nan ba. In littafi ya kammala sai in ƙulle shi cikin leda saboda ruwa, in tsallaka iyaka zuwa Kano wurin masu ɗab'i, in zauna a kansu, don in ka juya baya sai su gyara maka Hausarka ta koma tasu. Daga baya aka samu ordinater, wato kwamfuta, amma har yau babin farko da bik nake yin sa.

Littafina na farko na kai shi wurin wani mai hayar littattafai a kasuwa. Ba saye ake yi ba, haya ake ɗauka a dawo da shi. Wata rana na leƙa in ga yadda yake tafiya, ya ciro mini kwafi ɗaya da ya sha hannu, ya yi laushi, yana ƙamshin hayaƙi. Ina buɗewa sai ga jar fatar gyaɗa tana zubowa daga tsakanin shafuka. Na ce wane marar mutunci ne yake cin gyaɗa a kan littafina? Mutumin ya yi dariya ya ce, "Mushe, kai ba ka san masu karatunka ba? Mutum ɗaya ke karantawa, gida guda ke ji. Daga Kwaya wannan ya dawo."

A Kwaya na fara koyarwa, kuma can ƙanwar mahaifina take aure, Gwaggo Delu. Na je na same su. Lokacin bazara ne, ana ɓare gyaɗar iri. Ita gyaɗar iri ba a kai ta inji, yana fasa ƙwayar, da hannu ake ɓare ta, don haka mata sukan taru a gida ɗaya bayan azahar, yau na wannan gobe na waccan. Wata matashiya da ta yi lakwal tana tsakiya tana karanta littafina. Gwaggo ta shimfiɗa mini tabarma a gefe ta ce in yi shiru. Ni kuwa ban kalli fuskoki ba, hannaye na kalla. Da aka zo inda na fi alfahari da shi, wani dogon bayani na faɗuwar rana, sai na ji ɓarar gyaɗa ta ƙara sauri, ƙas ƙas ƙas, har wata ta fara tambayar kuɗin gishiri. Da aka zo wani ɗan wuri da ban ɗauke shi komai ba, inda uwa take kirga wa ɗanta guzuri tana ɓoye cewa shi ke nan abin da ya rage a gidan, sai hannaye suka tsaya cak. Ba mai tari. Tun daga ranar ban sake kai littafi Kano ba sai ya bi ta tsakar gidan Gwaggo. Duk inda gyaɗa ta yi ƙara, in ja layi. Na yanke shafuka masu yawa a wannan gidan, wasu har yau ina jin zafinsu.

Da na fara wannan ajin, ita ce dokar da na zo da ita. Sauran kuwa kun san su, tunda kuna gunaguni a kansu. Ba na son labarin da yake buɗewa da katafaren gida a birnin da mai rubutun bai taɓa zuwa ba. Nakan ce mutum ya je bakin tasha ya dawo mini da yadda ake ɗaure buhu a amalanke, da abin da mai jakin ya ce wa jakin. Rubuta abin da idonka ya gani, haka nake cewa. Wannan rabin darasin ne, ɗaya rabin sai mutum ya ɗan yi nisa nake ba shi.

Harira ta zo ajin nan da goyo a bayanta. 'Yar Guci ce, gidansu makiyaya ne masu noma, aure ya kawo ta Magarya tana ɗinki. Abin da ta fara kawo mini, wata 'yar mai kuɗi ce da motoci sun fi ƙarfin ƙofar gida. Na ce, "Harira, motar nan ta ina ake buɗe ta?" Ta yi dariya ta ce ba ta sani ba. Na ce, "To saniya fa?" Ta ce, "Mushe, ko cikin duhu." Na ce ta je ta rubuto mini kara. Ta ɓace na wani lokaci, sannan ta dawo da labarin wani mugun dillali da ya sayar wa talaka bijimi mai ciwon huhu, alhali ya sani, mutumin kuwa geronsa na shekara ya sayar ya saya. Na karanta a tsaye ban zauna ba. Dillalin nan kana ganin sa. Hannunsa na dama ba yatsu biyu, igiya ta taɓa cinye su, don haka da hagu yake bubbuga tozon sa idan ciniki ya faɗa, ya ce, "An gama, sauran na Allah ne." Na ce a raina yarinyar nan ta wuce ni. Ban san karar Guci ba sai daga nesa, don haka ban ga komai ba sai gwaninta.

Shekarar kuwa ita ce mafi muni da na gani a sana'ar nan. An rufe iyaka, hanyar Kano ta yanke, takarda ta yi tsadar da ko kaye sai mutum ya yi shawara. Ina da littafi a ƙulle cikin leda yana jira har gara ta fara gaishe shi. Mai hayar littattafan nan ya tattara su cikin kwali ya koma sayar da albasa. Matasa suka samo dabara, mutum ya karanta babi da muryarsa cikin waya ya tura, kafin magariba an ji shi a Yekuwa da Dungas. Ban ƙi dabarar ba, ita ta riƙe mu. Abin da nake tsoro shi ne, takarda in ta yi kuskure ana yaga ta, murya kuwa in ta fita ta fita. Harira ta matsa tana so ta tura nata. Na ce, "Gyaɗa tukuna." Ta ce, "Mushe, kai ma ka ce ya yi." Na ce, "Ni ba ni da kwanon gyaɗa a gabana."

Muka hau kabu-kabu zuwa Kwaya. Mata sun cika tsakar gidan, Gwaggo Delu ta tsufa sosai amma kunnenta garau. Harira ta fara karatu. Da farko komai daidai, ƙarar gyaɗa tana raguwa a hankali yadda nake so. Da ta zo wurin hannun hagu da tozo, sai komai ya tsaya. Harira ta ɗago ta dube ni da murna, don ta san ma'anar tsayawar hannu. Ni kuwa sai na dubi fuskokin matan. Na daɗe a tabarmar nan, na san shirun da labari yake kawowa, mutane sukan zuba wa mai karatu ido, baki a ɗan buɗe. Wannan karon ba mai kallon Harira. Kowa ya sunkuyar da kai yana satar kallon wata mata da ke zaune kusa da rumbu. Matar ta juye gyaɗarta cikin ƙwarya, ta ɗaure ta da zane, ta miƙe ta ce, "Inna, sai an jima." Ta fita ba ta waiga ba.

Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, kin san wadda ta fita? Zuwaira ce, 'yar Maman dillali. Nan take aure."

Harira ta ce, "Inna, ai na sauya suna. Na sauya garin ma."

Gwaggo ta ce, "Kin sauya suna kin bar hannu? A ƙasar nan wa ake sani da suna? Mamanmu nawa? Da hannun aka san shi."

Na tambayi Harira ko Maman ya taɓa sayar da sa marar lafiya. Ta rantse bai taɓa ba, mutumin kirki ne, a gidansa iyayenta suke sauka ranar kasuwa. Ciwon huhun da talakan duk ita ta ƙirƙira. Tana neman jikin da za ta sa wa mugun ne, ta rufe ido, shi ya fara zuwa, ta ɗauka. Gwaggo ta gargaɗi matan cewa abin da aka ji ya tsaya cikin gidan, kowa ta ce to. Amma gida cike da mata, kowace da miji, kowane miji da abokin hira, kuma babura suna zirga-zirga tsakanin garuruwan nan kullum.

Ku da ba ku san kara ba, dillali ba shi da saniya ko ɗaya. Amana ce jarinsa. Makiyayi yakan sauka a gidansa, ya damƙa masa igiya, ya tafi cin kasuwa, ya dawo ya karɓi abin da aka ce an sayar. Mai saye kuma maganarsa yake saye kafin ya sayi dabbar. Kasuwar da ta biyo baya, baƙin Maman na shekara da shekaru suka wuce shi suka kai wa wasu shanunsu. Ya yini a tsaye da igiya a kafaɗa. Cikin waɗanda suka wuce shi har da Sambo, kawun Harira. Ta same shi ta yi rantsuwa cewa ƙirƙira ce. Ya ce, "Ke 'yar gida ce, kin ga abin da ba mu gani ba. Kuma ai a takarda yake." Ta ce takardar ma ita ta rubuta. Ya ce, "To in ƙirƙira ce, ina kika samo yatsun?" Mutanenmu takarda biyu suka sani, ta malam da ta hukuma, kuma ba a wasa da ko ɗaya.

Muka je gidan Maman ni da ita. Yana zaune a zaure yana tufka igiya. Harira ta durƙusa tana kuka, ya bari ta gama, sannan ya ce, "'Yata, me na yi miki?"

Ta ce, "Baba, ba komai wallahi. Kai na fi iya gani in na rufe ido."

Ya ɗan yi murmushi ya ce, "To na yafe. Sai dai yafiyata ba ta kora shanu zuwa ƙofar nan." Na ji kunya ranar, na kuma ji tsoro, don gidan babba ne kuma bakin kowa a kan igiyar nan yake.

A hanya Harira ta ce za ta ƙone kayen. Na ce in ta ƙone shi, wanda aka ji a Kwaya shi zai zauna a bakin mutane har abada. Labari ba ya fita daga kunne don an ce ƙarya ne, sai wani ya shigo ya ture shi. A nan na ba ta ɗaya rabin darasin. Abin da ido ya gani a ɗauka, amma ba a ɗauko mutum ɗungurungum. Tafiya daga wannan kasuwa, hula daga waccan, dariya daga wanda ya daɗe a ƙasa, kamar yadda ake haɗa kayan miya. Ta cire hannun, ta cire maganar tozo, ta kawo mini. Na ce dillalin nata ya mutu, yanzu riga ce a rataye. Ta koma ta ƙara masa tsawo da gemu, na ce har yanzu. Ta fusata ta ce, "Mushe, ka ce in cire, na cire, yanzu kuma ka ce babu kowa." Na ce, "Da Maman ne yake ɗauke miki nauyin. Yanzu ke za ki ɗauka. Mutumin nan me yake tsoro?" Ta yi kwanaki ba ta zo ba. Da ta dawo, dillalin ya zama wani siriri mai yawan gaisuwa, wanda ba ya iya kallon idon dabba, kullum ƙafafunta yake kallo, kuma duk cinikin da ya yi zalunci a ciki sai ya sayi alewa ya raba wa yara. Ba a Guci ta gan shi ba, ba ta gan shi ko'ina ba.

Ranar kasuwa muka koma Guci. Na nemi izinin sarkin kara, aka ba mu inuwar wata tsamiya bayan la'asar, lokacin da ciniki ya lafa. Na sayi gyaɗa na zube a tabarma, don ni ban iya sauraro ba in ba hannaye a gabana. Mutane suka taru, galibi don su ga rigima. Maman ya zo ya zauna a gaba. Sambo yana can baya, ya dogara da sandarsa. Harira ta miƙe ta ce ita ce ta ari hannun Baba Maman ba da izini ba ta sa wa mutumin da babu shi, yau ta zo ta mayar, ga kuma labarin yadda ya kamata ya zama. Ta fara. Maza suna ɓare gyaɗata suna ci kamar don ita suka zo. Sannu a hankali ƙarar ta ragu. Da aka zo inda talakan ya tarar da bijimin a kwance da safe, dillalin kuma yana can yana raba alewa, sai hannaye suka tsaya. Na duba da kyau. Idon kowa yana kan Harira.

Tana rufe kayen gardama ta ɓarke. Wani ya ce ai wannan wani ne da ya yi zamani a Dungas, ya rasu tuni. Wani ya ce ƙarya ne, a tsallaken iyaka yake, shi ya taɓa shan alewar. Wani ya ce a garinsu ma an yi irinsa amma na raƙuma. Ba biyun da suka haɗu kan mutum ɗaya, kuma abin da nake jira ke nan. Sai Maman da kansa ya buga cinya ya ce, "Wallahi na san mutumin nan! Mun taɓa ciniki, sunan ne ya ɓace mini." Aka kwashe da dariya. Ni da Harira muka dubi juna, don mun san a kan keken ɗinkinta aka haife shi.

Sambo bai yi dariya ba. Ya juya ya tafi, na ce shi ke nan. Can sai ga shi yana janye da wani jan bijimi da ya yini bai ba kowa ba. Ya ratsa mutane ya zo gaban Maman, ya sa masa igiyar a hannu. Maman ya miƙe ya zagaya dabbar, ya buɗe bakinta, ya dubi idonta, sannan ya ɗora hagunsa a kan tozo. Ya juyo wurin Harira ya ce, "'Yata, in za ki sake aron hannun nan, ki tambaye ni. Kuma ki ba mutumin kirki."

Ba duka baƙinsa suka dawo ba. Akwai wanda har yau wani yake kai wa shanunsa, kuma Harira ta sani, takan faɗa da bakinta. Zuwaira ma ta daɗe kafin ta koma zaman gyaɗa in ana karatu. Da aka buɗe iyaka littafin ya fito, yana cikin kwalin mai albasa, wanda ya koma sana'arsa ta da.

Gwaggo Delu ta rasu, amma surukarta tana nan, kuma bazara ta kusa. Kai da ka ce ƙarya ce kawai, na karanta taka. Akwai wani mai shayi a ciki da yake jan ƙafar dama, yana kuma kiran kowa da "ɗan uwana". Jiya da safe na sha shayi a wurinsa a bakin tasha, 'ya'yansa suna wanke masa kofuna. Ajiye wayar nan, ka ɗauko bik.